Gidajen haruffan Girka: Riba da hasarar shiga ƙungiyoyin 'yan'uwantaka a jami'o'in Amurka

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da yawancin jami'o'in Amurka ke komawa karatu, akwai wani layi da sabon ɗalibi ba ya rasa lura da shi. Manya-manyan gidaje ne a jere, kowanne da haruffan Girkanci biyu ko uku a goshinsa. A ƙofar gidajen ga samari da 'yan mata sanye da riguna iri ɗaya, ana kiɗa, ana raba abinci kyauta, ana kiran duk wanda ya gifta. Yaron da ya baro Nima ko Sabon Zango ko Tamale makonni biyu da suka wuce, bai san kowa ba, bai saba da cimarsu ba, sai ga mutane sun tare shi da fara'a suna ce masa ya zo ya zama ɗan'uwansu.

Waɗannan su ne ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai. Ta maza Turawa na ce mata fraternity, ta mata kuma sorority, kalmomin da suka samo asali daga "ɗan'uwa" da "'yar'uwa" a Latinanci. Maganar ta shafe mu, domin a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗaliban Ghana da ke Amurka sun haura 9,000, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan zango. Wata rana uba zai ɗaga waya ya ji ɗansa na cewa, "Baba, akwai wata ƙungiya da nake son shiga." To, me zai ce masa? Ƙungiyar asiri ce? Gidan shaye-shaye ne? Ko kuwa tsani ce ta samun aiki bayan karatu?

Daga zauren muhawara zuwa gidan kwana

Tarihin ya faro ne a watan Disambar 1776, lokacin da wasu ɗalibai a kwalejin William and Mary da ke jihar Virginia suka kafa Phi Beta Kappa. Zauren muhawara ne a ɓoye, mai rantsuwa da alamar gaisuwa ta musamman da taken da 'yan ƙungiya kaɗai suka san ma'anarsa. A yau Phi Beta Kappa ta koma ƙungiyar karrama ɗalibai masu hazaƙa, amma salonta ya yaɗu. A 1825 aka kafa Kappa Alpha a kwalejin Union ta jihar New York, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko cikin irin waɗanda ake gani yanzu. Mata ma ba a bar su a baya ba: a 1851 ɗalibai mata a Macon ta jihar Georgia suka kafa tasu, wadda daga baya ta zama Alpha Delta Pi, sannan Kappa Alpha Theta ta biyo baya a 1870.

Tsarin bai canza sosai ba har yau. Kowace ƙungiya tana da uwar ƙungiya ta ƙasa da rassa a jami'o'i. A farkon zangon karatu ana yin makon zawarci, inda ɗalibi ke zagaya gidaje, su dube shi ya dube su. Idan reshe ya yaba da shi sai ya aika masa goron gayyata. Daga nan ya zama sabon shiga na wasu makonni, yana haddace tarihin ƙungiya da dokokinta, kafin a rantsar da shi a wani biki da ba a yi a gaban baƙi. Yana biyan kuɗi duk zangon karatu, daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, musamman in zai kwana kuma ya ci abinci a gidan ƙungiya. Kuma a ƙa'ida wanda ya shiga ya shiga kenan har ƙarshen rayuwarsa.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa

Shekaru da dama waɗannan gidaje na fararen fata Kiristoci ne, wasu ma sun rubuta haka ƙarara a kundinsu. Waɗanda aka hana shiga sai suka gina nasu. Yahudawa sun kafa Zeta Beta Tau a New York a 1898. Baƙar fata suka kafa Alpha Phi Alpha a jami'ar Cornell a 1906, wadda Martin Luther King da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka, duk 'ya'yanta ne. A 1908 mata a jami'ar Howard da ke Washington suka kafa Alpha Kappa Alpha, ƙungiyar da tsohuwar Mataimakiyar Shugaban Amurka Kamala Harris ta shiga tana ɗaliba. Manyan ƙungiyoyin baƙar fata yanzu tara ne, kuma an fi saninsu da hidimar al'umma: rajistar masu zaɓe, tallafin karatu, da koyar da yara a unguwannin talakawa. Abin da Delta Sigma Theta ta fara yi a bainar jama'a bayan kafa ta a 1913 shi ne shiga zanga-zangar neman wa mata 'yancin kaɗa ƙuri'a a Washington.

A nan ne labarin ya iso gida. Kwame Nkrumah ya isa jami'ar Lincoln ta jihar Pennsylvania a 1935, ɗan talaka daga Gold Coast mai faɗi-tashin neman kuɗin makaranta, kuma ya shiga Phi Beta Sigma, wadda aka kafa a Howard a 1914. Nnamdi Azikiwe, shugaban Najeriya na farko, shi ma ɗan wannan ƙungiya ne. Baƙi ne a ƙasar da ake nuna wa mai launinsu wariya a fili, kuma ƙungiya ta ba su jama'ar da za su jingina da ita.

Wariyar ba ta gama mutuwa ba. A 2013 jaridar ɗaliban jami'ar Alabama ta fallasa yadda ƙungiyoyin mata na fararen fata ke ƙin karɓar baƙar fata, a 2015 kuma aka rufe reshen Sigma Alpha Epsilon a jami'ar Oklahoma bayan bidiyo ya nuna 'ya'yansa na rera waƙar cin zarafin baƙaƙe a cikin bas.

Me bincike ya gano?

Masana ilimi a Amurka sun daɗe suna auna tasirin waɗannan ƙungiyoyi, kuma sakamakon bai zo da fuska ɗaya ba.

Ta fuskar shiga harkokin makaranta, 'yan ƙungiya sun fi. Gary Pike, wani masani da ya yi nazarin amsoshin dubban ɗalibai, ya gano cewa sun fi sauran ɗalibai yin aiki tare da 'yan ajinsu, da hulɗa da malamai, da shiga ayyukan sa-kai. Dalilin ba boyayye ba ne. Reshe ɗaya kamar ƙaramin kamfani yake: akwai shugaba, ma'aji, sakatare, mai kula da gida, mai shirya taro. Yaro ɗan shekara 20 zai riƙe kasafin kuɗi na gaske, ya jagoranci taro duk mako, ya sasanta rigima tsakanin mutum hamsin da ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Ba a koyar da wannan a aji. Galibin rassa kuma suna da mafi ƙarancin makin da ɗan ƙungiya zai riƙe, in ya faɗi ƙasa da shi a dakatar da shi.

A 2014 cibiyar Gallup ta tambayi mutane sama da 30,000 da suka kammala jami'a. Cikin tsofaffin 'yan ƙungiya masu cikakken aiki, kashi 43 cikin 100 sun nuna suna aikinsu da zuciya ɗaya, sauran kuwa kashi 38. Sai dai fa a lura, an fitar da wannan ɓangare na rahoton ne tare da haɗin gwiwar uwayen ƙungiyoyin kansu, kuma ratar ba wata mai girma ba ce.

Ta fuskar karatu tsantsa kuwa, labarin ya sha bamban. Ernest Pascarella da abokan aikinsa sun wallafa nazari a 1996 da ya nuna cewa a shekarar farko samarin da suka shiga ƙungiya sun kasance a bayan takwarorinsu wajen ci gaban karatu da zurfin tunani, duk da cewa bin diddigi daga baya ya nuna giɓin na raguwa a shekaru na gaba. Wani nazari da masana tattalin arziki na kwalejin Union suka yi a kan tsofaffin ɗalibai maza na wata ƙaramar kwaleji ya fito da lissafi mai ɗaure kai: shiga ƙungiya ya rage wa ɗalibi kusan 0.25 a ma'aunin maki mai ƙurewa a 4, amma ya ƙara masa kuɗin shiga bayan karatu da kusan kashi 36 cikin 100. Wato maki ya sauka, albashi ya hau. Abin da ya cike giɓin shi ne sanayya. Tsohon ɗan ƙungiya da ya zama manaja a banki, idan takardun neman aiki ɗari suka zo gabansa, na ƙaninsa na ƙungiya zai fara dubawa.

Akwai kuma wata tambaya da masanan da kansu ke yi: ƙungiyar ce ta gyara yaron, ko kuwa dama yaro mai baki da kuɗin iyaye da son jama'a ne ke shiga? Wanda zai iya biyan dubban daloli a shekara don zama ɗan ƙungiya, sau da yawa ubansa ma yana da mutanen da za su nema masa aiki. Don haka ɗan zango da ke karatu da tallafi bai kamata ya ɗauki waɗannan alƙaluma kamar alƙawari aka yi masa ba.

Giya da gwale-gwale

Ɓangaren da zai fi tayar wa iyaye Musulmi hankali shi ne giya. Dokar Amurka ta hana sayar da ita ga wanda bai kai 21 ba, amma gidajen ƙungiyoyin maza sun yi suna wajen shagulgulan da ake sha ba lissafi. Binciken da jami'ar Harvard ta yi a shekarun 1990 ƙarƙashin Henry Wechsler ya nuna cewa fiye da huɗu cikin biyar na samarin da ke kwana a waɗannan gidaje suna shan giya fiye da kima a zama ɗaya. Manyan ƙungiyoyin mata sun hana ajiye giya a gidajensu, wanda hakan ya sa shagalin ke komawa gidajen maza, inda mazan ne ke riƙe da ƙofa da kuma abin sha. Nazarce-nazarce da dama sun danganta wannan yanayi da ƙaruwar haɗarin cin zarafin mata.

Sai kuma gwale-gwalen da ake yi wa sabon shiga, wai don a gwada juriyarsa: hana barci, zagi, aikin bauta ga manya, duka, da tilasta shan giya. A 2008 Elizabeth Allan da Mary Madden na jami'ar Maine suka fitar da bincike a kan ɗalibai sama da 11,000. Kashi 55 cikin 100 na waɗanda ke cikin wata ƙungiya ko tawagar wasa sun fuskanci wani nau'in gwale-gwale, a cikin 'yan ƙungiyoyin haruffan Girka kuwa adadin ya kai kashi 73.

Abin kan kai ga rai. A watan Fabrairun 2017, Timothy Piazza, ɗan shekara 19 mai karatun injiniya a jami'ar jihar Pennsylvania, ya je daren karɓar sababbi a gidan Beta Theta Pi. Masu gabatar da ƙara sun ce an ɗura masa giya sau 18 cikin minti 82. Ya faɗo daga matakala, kyamarorin gidan na ɗauka, waɗanda ke kiran kansu 'yan'uwansa suka bar shi kusan awa 12 kafin wani ya kira motar asibiti. Ya rasu bayan kwana biyu. Abin lura, a takarda wannan gida yana cikin waɗanda aka haramta giya a cikinsu. Ƙungiyoyin baƙar fata ma ba su tsira ba: sun soke tsarin gwajin sabon shiga a hukumance tun 1990, amma a 1994 wani ɗalibi ya mutu a jihar Missouri sanadin dukan da aka yi masa.

Wasu makarantu, irin su Williams da Amherst, sun daɗe da kawar da ƙungiyoyin daga harabarsu. A Disambar 2024 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar tarayya da ta wajabta wa jami'o'i bayyana rahoton gwale-gwale da sunayen ƙungiyoyin da aka samu da laifi. Wannan doka ta ba iyaye abin dubawa, ko daga Kumasi mutum yake, muddin yana da intanet.

Ga ɗalibin da ya je da biza, kuskure ya fi tsada. Ɗan ƙasa in aka kore shi daga makaranta gida zai koma ya nemi wata. Baƙo kuwa zamansa a ƙasar rataye yake da zamansa ɗalibi, kuma kama mutum yana tuƙi a buge na iya jawo soke bizarsa. Idan tallafin karatunsa na da sharaɗin maki, wannan 0.25 ɗin da ɗan mai kuɗi zai yi wa dariya na iya zama ƙarshen karatunsa.

Ba a Amurka kaɗai ba

Wanda ya san jami'o'in yankinmu zai ji wani abu ya yi masa kama da na gida. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko masu kwaikwayon Turawa. Shekaru bayan haka wasu ƙungiyoyi suka ɓalle, wasu suka tsiro, har abin ya rikiɗe ya koma ƙungiyoyin asiri masu ɗauke da makamai. A ranar 10 ga Yulin 1999 aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a harin 'yan ƙungiyar asiri. Shi ya sa da yawa daga iyayenmu, da sun ji rantsuwa da taron sirri, can hankalinsu ke tafiya. Na Amurka ba haka suke ba: suna da rajista, jami'a ta san shugabanninsu, ana iya kai su kotu. Amma tushen jan hankalin ɗaya ne, wato matashi na son inda za a ce nasu ne.

A Ghana ɗakunan kwanan ɗalibai ne ke taka irin wannan rawa. Ɗan Commonwealth a Legon, ko ɗan Katanga da Conti a KNUST, yana ɗauke da sunan ɗakinsa har tsufa, tsofaffin ɗalibai na taimakon na baya, sannan gasar da ke tsakanin ɗakunan ta sha ƙarewa da jifa da fashe-fashe.

Musulmi sun gina nasu

Kamar yadda Yahudawa da baƙar fata suka yi shekaru ɗari da suka shige, matasan Musulmin Amurka ma sun buɗe tasu ƙofar. A 2013 ɗalibai a jami'ar Texas da ke Dallas suka kafa Alpha Lambda Mu, sunan da suka daidaita da haruffan Alif, Lam, Mim. Ba giya, ba gwale-gwale, ana sallah tare, ana hidimar al'umma. Tun a shekarar farko an gan su da jajayen huluna a wani gangamin yaƙi da dukan mata a Dallas. A wannan jami'a ce kuma mata suka kafa Mu Delta Alpha a 2016, wadda ta fi mai da hankali ga shirya 'yan mata Musulmi don aiki da shugabanci. Rassansu ba su da yawa tukuna. Amma ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSA, wadda aka kafa a jami'ar Illinois a 1963, tana kusan kowace babbar jami'a, ba ta buƙatar rantsuwa ko dubban daloli, kuma a nan ne baƙo zai san inda ake Juma'a da inda ake samun naman halal. Wanda ya yi GMSA a gida ya riga ya san irin aikin.

Idan aka tattara binciken wuri ɗaya, abubuwan da ke amfanar ɗan ƙungiya sanannu ne: abokai na kusa tun shekarar farko, wani nauyi da aka ɗora masa, da manya da suka riga shi waɗanda za su ja hannunsa. Ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar kwalba. Ana samunsu a MSA, a ƙungiyar ɗaliban Afirka, a ƙungiyoyin sana'a irin ta injiniyoyi baƙar fata, ko a ɗakin binciken wani malami. Ana kuma samunsu a wasu rassan haruffan Girka masu tsabta, don reshe da reshe sun bambanta ko da sunansu ɗaya.

Kafin a ce eh ko a'a

Uban da ya ce "ban yarda ba" ya kashe waya bai magance komai ba, domin kaɗaicin da ya tura yaron ƙofar gidan yana nan. Ya fi kyau a zauna a yi tambayoyi. Nawa ake biya duk zangon karatu, kuma wa zai biya? An taɓa dakatar da wannan reshe, kuma me rahoton jami'a ya ce a kansa? Mene ne matsakaicin makin 'ya'yansa, tunda jami'o'i da yawa na wallafa shi? Akwai Musulmi ko wani da ba ya shan giya a ciki, kuma yaya ake yi da shi? Me rantsuwar ta ƙunsa, kuma akwai abin da ya saɓa wa aƙida a bikin? In an yi shakka a nan, limamin masallacin jami'a ya fi kowa sanin gidajen garin. Sannan me zai hana a bari sai shekara ta biyu, bayan yaro ya san ƙasa kuma makinsa ya zauna? Wasu jami'o'in ma da kansu ba sa barin sabon ɗalibi ya shiga a zangon farko.

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da aka tura nesa dole zai zauna da wasu, ko iyaye sun so ko ba su so ba. Abin da ya rage musu shi ne su san su waye, kuma ɗansu ya san cewa duk daren da aka ce sai ya sha ko sai ya durƙusa kafin a kira shi ɗan'uwa, yana da damar ɗaukar takalmansa ya fita.